Sunanmu a Akwatin Borak

A ƙauyenmu na yankin Alsas, duk gidan Bayahude da ke iya ɗora tukunya yana da sunansa a cikin wani akwatin katako da ke majami'a. Mai hali ana saka nasa sau biyu. Idan matafiyi marar galihu ya iso ranar Juma'a, sai Borak mai kula da akwatin ya zaro masa takarda, gidan da sunansa ya fito shi zai ciyar da shi har Asabar, ranar hutunmu, ta wuce. Haka muka taras. Ba a cire suna sai gida ya talauce, kuma Borak ne ke cirewa da hannunsa.

Shekarar da ciwon huhu ya ƙarar da shanun mijina Sandel, sunanmu na ciki. Wata huɗu muna cin dankali da gishiri, labule a sauke. Kullum Sandel zai ɗauki sanda da hula kamar mai zuwa kasuwa, ya je bakin rafi ya zauna. Na ce masa mu je mu gaya wa Borak.

"Borak?" ya ce. "Gutel, kin manta ɗansa ne zai auri Raizel ɗinmu bayan Idin Bukkoki? Je ki ce wa surukinki ba mu da abin ba baƙo, ki gani ko za a yi bikin."

Ban ƙara tayar da zancen ba. Kowace Juma'a nakan tsaya bayan labule ina kallon hanya, ina roƙon Allah takarda ta faɗa wani gidan.

Ranar da ta faɗo mana, Kalme ne ya kawo ta. Tsoho ne da ya shekara ashirin yana zaga ƙauyuka da buhu a kafaɗa. Ya san tukunyar kowa, kuma duk abin da ya ci a gidanka sai ya faɗe shi a ƙofar majami'a.

"Uwargida, yau Allah ya jarrabe ki da ni," ya ce, yana miƙo takardar. Ya ɗaga hanci. "Ban ji ƙamshin komai ba. Hancina ne ya mutu ko tukunyarki?"

"Mura kake yi, baba," na ce.

Bai jira an ce ya shigo ba. Ya wuce madafa ya zauna kusa da murhu, ya bi kantar da nake jera kwalaben kitsen dinya, babbar agwagwar nan, da kallo. Duk na kife su, ba komai a ciki. Raizel ta ɗaga murfin tukunya don ta juya, ta yi saurin mayarwa, amma ya riga ya gani. Dankali shida ne da albasa ɗaya. Ya kawar da kai.

Rana ta kusa faɗuwa ya kwance buhunsa. Ya fito da rabin dinya da aka yi wa banda, da kwalbar kitse, da burodi biyu masu kitso.

"Karɓi. Cikina ya daina son maiƙo, kuma ba zan yi ta yawo da shi ya lalace ba."

"Baba, ai mu ne ya kamata mu ba ka."

"Wa ya ce ba ki nake yi? Dafa min za ki yi. Ko girkin ma ba ki iya ba?"

Na karɓa. Sandel ya yi addu'a a kan burodin mai bara, bai ɗago ido ba har muka tashi.

Da safe bayan an idar da ibada, ina saukowa daga benen mata na ji muryar Kalme a tsakar fili.

"Borak, kada ka ƙara tura ni gidan Sandel! Matar nan kashe ni take so ta yi. Dinya, kitse har gwiwar hannu. In ka ce ka ƙoshi, ta ƙara. Ba irin miyar gidanka ba, da mutum ke hango fuskarsa a ciki!"

Mutane suka kwashe da dariya, har Borak. Matarsa ta riƙe hannuna ta matse. "Suruka, kin fitar da mu kunya," ta ce. Na yi murmushi, don ban san abin da zan yi da fuskata ba.

Ranar Lahadi Kalme ya naɗe buhunsa, ba komai a ciki. Na bi shi har ƙofa na fara godiya.

"Me? Ɗaga murya, kunnena ya toshe," ya ce, ya kama hanya. Ya bar mana rabin kwalbar kitsen.

Juma'ar da ta biyo aka ƙwanƙwasa. Mutum biyu ne, baƙin fuska, ƙafafunsu duk taɓo, kowa da takardarsa. Karatuna ba shi da yawa, amma na san sunan Sandel, kuma shi ne a jikin duka biyun.

"Mai akwati ya ce ya ƙara sunanku," in ji babbansu. "Wai a gidan nan ne ake cin dinya."

Sandel na bayana, na ji ya ja numfashi. Juma'a bakwai suka rage kafin bikin. Na dubi rabin kwalbar da ke kan kanta, na buɗe musu ƙofa sosai, na ce su shigo su ji ɗumi. Sannan na ce wa Raizel ta ƙara ruwa a tukunya.