Tulun da Aka Sa a Gilashi

Wata goma sha ɗaya rabon maginiya da shagon nan, tun ranar da ɓarin jikinta na dama ya shanye tana tsakiyar kwaɓa yumɓu. Likita ya ce ta haƙura da ginin tukwane. Ta ce masa to, ta koma gida ta shiga koya wa hannun hagu abin da na dama ya shekara arba'in yana yi. Tukwanen suka riƙa fitowa a karkace, wannan baki ya zame, wancan wuya ya lanƙwashe, amma dai suna fitowa. Duk ƙarshen wata direban shago zai zo ya kwashe, ya bar mata saƙo guda: "Auta ya ce sun tafi, a ƙaro." Wannan saƙon ya fi mata duk ƙwayoyin asibiti amfani.

Shagon na ƙawarta ne, Allah ya jiƙanta. Ita ta fara tara kayan masu sana'ar hannu na ƙauyukan kewaye a ɗaki ɗaya, daga kwanduna da tabarmi har jakunkunan fata da cokulan itace. Da ta rasu autanta ya gaje shi, ya yi fenti, ya sa fitilu, ya rataya wa kowane kaya ɗan kati. Yaro ne mai ladabi, irin ladabin nan da mutum zai shirga maka ƙarya yana durƙushe.

Ran nan da ta fito daga ganin likita sai ta ce wa mai tasi ya sauke ta a bakin shago. Ba ta aika ba, ba ta yi waya ba. So take ta ga tukwanenta a kan kantar da ke jikin taga, inda suke zama tun zamanin ƙawarta.

Kwanduna ta gani a wurin.

A tsakiyar shago kuwa an kafa akwatin gilashi, da fitila a samansa, a ciki ga wani tulu da ta gina shekara ashirin baya, lokacin da ƙarfinta ke cike. Auta na tsaye ya ba ƙofa baya, yana yi wa wasu mata biyu baƙi bayani cikin muryar masu ta'aziyya.

"Wannan ba na sayarwa ba ne. Mai shi ta daina, ciwo ya kama ta. Irinsa ba za a ƙara samu ba."

"Wa ya daina?" in ji maginiya.

Ya juyo, fuskarsa ta yi kamar ya haɗiyi ƙaya. "Inna! Ke ce da kanki?"

"A'a, fatalwata ce. Ina tukwanena?"

"Ai, Inna, sun... bari in kawo miki kujera."

"Ƙafata ɗaya ce ta mutu, ɗayar tana nan. Na ce ina tukwanena?"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta san siton shagon nan kamar ɗakinta. Ta ja ƙafa, ta tura ƙofar da sanda, ta ɗage wani tampol da ke kusurwa. Ga su nan reras, tun daga na farko har na watan jiya, wasu ko ciyawar da ta cusa musu don hanya ba a cire ba. Guda ɗaya kawai aka samar wa aiki, an jiƙa tsumman goge ƙasa a ciki.

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har sai da ta dafa bango. Da ya ce mata ba su yi kyau ba, da ta zage shi ta huce. Amma a ce duk daren da ta kwana da murna, duk safiyar da ta tashi da ƙarfin gwiwa, tausayi ake ba ta a cokali kamar jinjira! Wannan ne ba za ta haɗiye ba.

"Inna, sunanki nake karewa," in ji shi daga bayanta. "Da wancan tulun mutane suka san ki."

Ta sunkuya ta ƙwanƙwasa wata tukunya da bayan yatsa. Amo ya tashi tas, babu alamar tsaga. Ta ƙwanƙwasa ta biyu, ta uku.

"Ka ji? Uwarka da kunne take sayen tukunya, kai da ido. Ɗauko wannan ka biyo ni."

Ya ɗauko. Baƙin nan na nan tsaye, sun ƙi tafiya, don ba a barin kallo irin wannan. Maginiya ta tsaya gaban gilashi ta ce ya buɗe.

"Inna, na Umma ne."

"Aro na ba uwarka. Buɗe."

Ya buɗe. Ta jingine sanda, ta rungumo tulun da hannun hagu. Wallahi ya yi kyau. Wuyan nan a miƙe, cikin nan sumul, zanen ko ɗigo bai kauce ba. Ta san hannunta ba zai ƙara yin irinsa ba har abada, kuma ta yarda da hakan a ranta, idonta ya cika da ƙwalla. Sai ta sake shi.

Ƙarar ta cika shago. Ɗaya baƙuwar ta dafe ƙirji, Auta ya kama kai da hannu biyu.

"Me kika yi, Inna?"

"Aiki nake." Ta zare ɗankwalin da ta yafa a kafaɗa ta miƙa masa. "Tsince min duka, ko ƙwaya kar ka bari. Kai mai sayar da tukwane ne ba ka san wannan ba? Tsohuwar tukunya dakawa ake, a tankaɗe, a zuba a sabon yumɓu. Ita ke hana sabuwa fashewa a wuta. Shekara ashirin yana zaune ba aikin fari balle na baƙi, yau ya samu abin yi."

Ya durƙusa yana tsincewa yana zubawa a ɗankwalin. Da ya gama ya ɗauki karkatacciyar tukunyar zai sa a gilashin da ya zama fanko, wai ko ya wanke laifinsa.

"Kul! Gilashi na waɗanda suka gama ne. Kai ta taga, ka kwashe kwandunan nan ka mayar inda suke."

Ya kai ta taga. Tukunyar ta zauna a karkace, bakinta na kallon titi. Ɗaya daga cikin baƙin ta matsa, ta ƙwanƙwasa ta a hankali, ta kasa kunne. Maginiya ba ta tsaya ganin ko za ta saya ba. Ta karɓi ƙullinta, ta ɗauki sanda.

A bakin ƙofa ta waiwayo. "Ƙarshen wata direba ya zo. In sun tafi, ka ce sun tafi. In ba su tafi ba, ka ce ba su tafi ba. Ban mutu ba, Auta, ina iya jin gaskiya."

Ta fita titi, tsingaron na kaɗawa a cikin ƙulli, tana tunanin yadda za ta riƙe taɓarya da hannu ɗaya.