Ranar da Aka Ja Gidan Baba Abel

An riga an ɗaure gidan katakon da igiyoyin ƙarfe don a ja shi nesa da bakin teku, tarakta na ta gurnani a waje, amma maƙwabcinmu Baba Abel na zaune a kicin yana shan shayi. 'Yarsa Persis ta yi lallashi har ta gaji, sai ta leƙo ta kira ni.

Na ce, "Baba, ka fito mana, mutane na jira."

"Winnie, ke da na goya a bayana, yau ke ce mai korata? Su ja da ni a ciki. Na hau jirgi, na hau keken da karnuka ke ja a kan ƙanƙara, gida ne kawai ban taɓa hawa ba."

Haka kuwa aka yi. Gidan na tafiya a hankali, shi kuma yana ɗaga wa jama'a kofi ta taga, kowa na dariya ban da Persis.

Muna yara, tsakanin ƙofarsa da teku akwai filin da muke ƙwallo, da rumfunan shanya kifi, da ramin da mahaifinsa ya haƙa a daskararriyar ƙasa don ajiyar nama. Ƙasar ta narke, ruwa ya yi ta gutsurar gaɓa kowace kaka har ya iso matakalarsa.

A sabuwar unguwa tagarsa na kallon tankin mai. Ina kai masa farfesun kifi, yana biyana da labari. Ya ce da, Oktoba ba ya ƙarewa sai teku ta daskare, su tafi farauta da karnuka, matarsa marigayiya Lucy na ɗinka masa takalman fata da ba sa jiƙewa. Yanzu samari na tsoron ƙanƙarar don ba ta da kauri, sai su sayi kazar kanti da aka kawo a jirgin sama, kuɗinta kamar na barewa guda.

Nuwamba ya shiga, jikinsa ya yi rauni. Wata safiya ya tambaye ni, "Teku ta daskare?"

"Saura kaɗan, Baba."

"Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Ina jin motsinta daga nan."

Ya sa na buɗe masa ƙofa duk da sanyi, ya daɗe yana saurare. Bai ƙara cin abincin kirki ba. Ranar Lahadi Persis ta dawo daga coci ta same shi a kujerarsa, sanye da rigar farauta, rai ya yi halinsa.

A maƙabarta maza sun zo da injin fasa ƙasa kamar yadda aka saba, amma ba a ma tayar da shi ba. Shebur ya wadatar, don ƙasar ba ta daskare ba. Kafin a iso da akwatin, ruwa ya taru a kabarin. Mijina ya sauka da ƙaramin bokiti yana kwashewa, mu kuma muka tsaya muna jiransa, yayyafi na sauka a kan hulunanmu.