Hancin Mota

Alhaji Sharu mai hatsi mutum ne da ya yarda da hancinsa fiye da yadda ya yarda da 'yan Adam. Da shi yake gane geron da ya sha danshi tun ba a kwance buhu ba, da shi kuma ya yanke hukuncin cewa Audi yana satar masa fetur.

Audi ɗan yayarsa ne Juwairiyya, magidanci mai iyali, shi ke jan motar Alhaji 'yar Kwatano zuwa kasuwannin Dutsi da Sandamu da Mai'aduwa. Tun bayan kaka motar ta buɗe ciki. A cika tanki da safe, kafin la'asar allura ta kwanta. Alhaji kuwa ya san Kwangwalam ba ta da nisa da Mai'aduwa, ya kuma san darajar jarkar fetur idan ta tsallaka iyaka.

Audi ya taɓa gaya masa wata wuta ruwan ɗorawa ta kunnu a gaban sitiyari, ya kamata a duba. Alhaji ya ce ai kowace 'yar Kwatano da wutarta take zuwa, dabarar direbobi ce da kanikawa. Ya ɗauko sitika mai Masha Allah ya manna a kan wutar, magana ta mutu.

Sai ya koma shinshina. Idan Audi ya durƙusa gaishe shi, sai Alhaji ya sunkuyo kamar mai gyara takalmi, ya ja iska. Warin fetur kuwa yana nan kullum, a riga, a hula. Abin ya ci masa rai har ya taka gidan yayarsa.

"Yaya, ki ja wa ɗanki kunne. Ban ce komai ba, amma mota ba ta shan mai da kanta."

Juwairiyya ta dube shi, ta ce ta ji. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Abin da ya rage masa shi ne shaida. Wata safiya ya shiga gaban mota ya ce Audi ya ja, ya ƙi faɗar inda za su, sai dama da hagu yake nunawa da yatsa, har garejin wani bakanike Abdulrazak a bayan gari, inda Audi bai taɓa kai aiki ba. Niyyarsa a fili take: da zarar an ce mota lafiyarta lau, ya karɓi makullinsa a gaban jama'a.

Abdulrazak ya zagaya baya ya zura yatsa a bakin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin. Ya leƙa gaban sitiyari.

"Alhaji, wa ya rufe mata baki?"

"Addu'a ce."

"Allah ya karɓa. Amma bari mu ji abin da take cewa."

Ya ɓare sitikar, wutar tana nan tana ci abinta. Ya jona 'yar kwamfutarsa a ƙasan sitiyari. Alhaji bai kalli kwamfutar ba, idonsa yana kan mutanen biyu, ko za su haɗa ido. Audi na can gindin darbejiya, ya juya musu baya.

Bakaniken ya shige ƙarƙashin mota, ya kwanto wani ƙarfe mai kama da fulogi da waya a jikinsa, ya sha baƙin hayaƙi har ya toshe.

"Ga ɓarawonka, Alhaji. Sensa ce, ni hancin mota nake ce mata. A jikin bututun salansa take, tana shinshina hayaƙi, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya isa ko a ƙara. Wannan ta mutu. Ƙwaƙwalwa sai antaya mai take yi, wani ya ƙone, wani ya fita ta baya ɗanye."

"Wa ya ce maka ina neman ɓarawo?"

"Ba kowa. Haka muke faɗa."

Alhaji bai yarda ba, don yarda ba halinsa ba ce. Ya ce a mayar da tsohuwar ya gani da idonsa. Aka mayar, aka tayar da mota. Lambar da ke kan kwamfutar ta tsaya cik, ko an taka totur ba ta motsi. Aka ɗaura sabuwa, sai ga lamba tana hawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. Abdulrazak ya ce wa Alhaji ya zo baya ya ji da kansa. Alhaji ya sunkuya ya ja iska, warin ya ragu sosai.

"Duk wanda yake loda kaya a but ɗin bayan motar nan tana kunne, ai da warin fetur zai koma gida," in ji bakaniken, yana goge hannu.

Nan kunya ta rufe Alhaji. Ya ƙwala wa Audi kira da murya mai daɗi, irin wadda ya daɗe bai yi masa ba.

"Ka ga ashe motar ce! Zo mu tafi, ɗana."

Audi ya zo, ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ajiye makulli a gaban takalmin Alhaji.

"Kawu, a nemi wani direban. Abu ɗaya nake roƙo, a ba ni mataccen ƙarfen nan."

"Me za ka yi da shi?"

"Inna zan kai wa. Tun ranar da ka je, ba ta amsa gaisuwata."