Saitin Jitar Baba

Saƙon farko na mai neman a mayar masa da kuɗinsa ya shigo ina tsakiyar gurza wa wani mutum takardun neman aiki a shagon da nake aiki. Na tsaya karantawa, injin ya cinye takarda ban lura ba, sai da mutumin ya ce, "Malama, lafiya kuwa?" Na ce lafiya lau. Ina fa lafiya! 

Babana malamin jita ne. Tun kafin a haife ni yake koyarwa a wani ɗan ɗaki a saman shagon tela, har matakalar ta gama masa da gwiwa. Mai gida yana ta ƙara haya, 'yan koyo suna ta raguwa. Sai ɗan ƙanwar Umma, wanda muke kira Injiniya saboda shi ke gyara wayar kowa a dangi, ya zo da shawara a buɗe wa Baba shafin koyar da jita a intanet.

"Ɗakin nan mutum nawa yake ci?" in ji shi. "Shafi kuwa ba shi da bango. Baba yana barci kuɗi na shigowa."

Baba ya ce shi bai taɓa ganin kuɗin da ke neman mai barci ba, amma ya yarda. Muka kwashe watanni muna ɗaukar darussa a falo. Mu ture kabat ɗin Umma gefe, mu rataya farin zanin gado a bango, mu kashe fanka saboda ƙararta, Baba yana zufa yana murmushi wa waya. Ajiyarsa ta tafi a fitila da makirufo da kuɗin talla. Ɗakin sama kuma aka mayar da makulli, yanzu wani mai aski ne a ciki, har ya yi masa shuɗin fenti.

Injiniya ya riga ya yi mini bayanin lissafin. Kuɗin da mutum ya biya a watan farko talla ce ke cinye shi. Riba sai in ya zauna ya sake biya a wata na biyu da na uku. In suka watse a ƙarshen wata, mun yi aikin banza ke nan, ga shi ba ɗakin da za a koma. Mutane sun yi rajista ba laifi, har Umma ta fara yi wa Baba tsiya wai ya zama tauraro da furfura. Ƙarshen watan kuwa yana ta matsowa.

Bayan saƙon farko sai ga wasu. Wani ya ce yana bin Malam yatsa da yatsa amma sautinsu ba ya haɗuwa. Wata ta ce in ta kaɗa tare da bidiyon kamar kyanwoyi biyu ne ke faɗa. Raina ya ɓaci. Mutumin da jiya-jiya ya sayi jita ne zai gaya wa Baba sauti? Na rubuta amsa mai zafi, na goge, na sake rubuta wadda ta fi ta zafi, na sake gogewa, don wanda zai biya ka ba a yi masa tsawa. Na zargi makirufo, na zargi wayoyinsu, har Injiniya na kira na wanke shi tas, bawan Allah yana ta rantsuwa shafi lafiyarsa ƙalau.

Sai wata ma'aikaciyar jinya da ke cikin 'yan koyon ta turo bidiyo. Ba faɗa, ba neman kuɗi. Tana zaune da kayan aikinta, jita a cinya, ta nuna wata manhaja a waya wadda ke sauraren tsirkiya: in ta yi daidai allura ta tsaya tsakiya ta yi kore, in ta sauka ko ta hau ta karkace ta yi ja. Ta taɓa tsirkiyoyinta shida, duk kore. Sannan ta kunna darasin farko inda Baba ke taɓa nasa ɗaya bayan ɗaya. Allurar ta zube hagu, ja, ja, ja, har ƙarshe.

"Ina son koyarwar Malam ƙwarai," in ji ta. "Ko dai akwai wani saiti nasa na daban da ba ku faɗa mana ba?"

Na kalli bidiyon nan har cajina ya kusa ƙarewa. Washegari da safe, Baba yana wanka, na sauke manhajar na lallaɓa inda jitarsa ke jingine. Ya saita ta da kansa bai jima ba. Na taɓa tsirkiyar farko. Ja. Duk shidan sun sauka ƙasa tare, sun dace da juna tsaf, shi ya sa ba wanda ya taɓa jin komai a gidan.

Nan na tuna yadda yake yi a ɗakin sama. Ɗan koyo yana shigowa Baba zai miƙa hannu ya karɓi jitarsa, ya lumshe ido, ya yi ɗan amo a maƙogwaro, ya murɗa makullan ɗaure tsirkiyoyin da kansa, sannan ya mayar masa. Ba ya barin sabon ɗan koyo ya taɓa makulli, kuma na'urar saiti ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Kunnensa ne ma'auni, da shi aka san shi. In kunnen ya sauka, ɗakin gaba ɗaya tare suke sauka, wa zai sani? Yanzu kuwa kowa yana gidansa da wayarsa.

Na ruga wurin Injiniya ko kwamfuta za ta iya ɗaga sautin darussan da muka riga muka ɗauka. Ya gwada, ya dafe kai. Na wannan makon ya sauka kaɗan, na wancan ya sauka sosai, kowace rana da nata. Wanda ya ɗaga kuma muryar Baba ta koma siririya, ga wani kuka-kuka a ciki.

"Sai dai a sake ɗauka, Yaya," in ji shi. "Ko da na farko-farkon ne, kafin ranar sabunta rajista. Kuma da manhaja za a saita."

"Kai za ka gaya masa?"

"Ni? Rufa mini asiri, ina son rayuwata."

A kicin na sami Umma tana wanke kofuna. Ban kai ƙarshen bayani ba ta kashe famfo.

"Ya jima yana cewa mawaƙan rediyo duk sun haye sama, wai ba su da kunne," ta ce a hankali. "Na sha jinin jikina tun lokacin. Auta, ki bar mini mijina. Gwiwa ta tafi, ɗaki ya tafi, abin da ya rage masa ke nan."

"Umma, in mutanen nan suka watse me za mu ci? Albashina ko hayar gidan nan ba ya kaiwa."

"Ki ce masa makirufo ne ya lalace, a sake."

"In aka sake da kunnensa, abin da za a samu ke nan."

Ta ci gaba da goge kofin da ya riga ya bushe. Na ji haushinta, na ji haushin Injiniya, na ji haushin ma'aikaciyar jinyar da ladabinta, na rasa wanda zan huce a kansa.

Kwanaki na yi ina zagaye maganar. In buɗe baki sai in tambaye shi gwiwa. A shago kuwa ko waya ta yi ƙara sai in zaci wani mai neman kuɗinsa ne. Da na ga wasu sun fara soke rajista tun kafin wata ya ƙare, na ce yau ko me za a yi sai dai a yi.

Da yamma na rataya zanin gado, na kafa wayar da muke ɗauka da ita, na kashe fanka. Na ce masa akwai darussan da za mu sake. Bai tambayi dalili ba, ya ɗauki jita, ya lumshe ido ya yi amonsa a maƙogwaro, ya murɗa makulli, ya gyaɗa kai. Na ajiye wayata a kan tebur kusa da gwiwarsa.

"Baba, taɓa ta farko."

Ya taɓa. Allura ta zube hagu.

"Wannan kuma mene ne?"

Na yi masa bayani. Ya yi dariya, irin wadda yake yi wa sabon ɗan koyo.

"Wayarki ce ba ta da lafiya. Ba ita ce ta faɗa a bokiti ba?"

Na ɗauko wayar Umma, wadda na riga na saka wa manhajar. Ja. Na kunna masa bidiyon ma'aikaciyar jinya, ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita. Dariyar ta tafi. Umma tana bakin ƙofar kicin, ta ƙi shigowa ta ƙi komawa.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Ban sani ba, Baba."

"Duk darussan?"

"Duka."

"Su kuma suna can suna zaton su ne ba su iya ba."

"Wasu sun zaci haka. Wasu sun ce a ba su kuɗinsu."

Ya kalli tsirkiyoyin. Na shirya wa faɗa, wallahi da ya yi faɗan da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya juya jitar ya miƙo mini ta wuya.

"Saita."

Ban taɓa murɗa makullin jitarsa ba tunda nake. Ya nuna mini wanda zan kama da inda zan juya. Ina murɗawa ina tsoron kar tsirkiya ta tsinke, allura tana rarrafowa, har ta yi kore. Na bi sauran. Na mayar masa, ya sauke yatsa a kansu gaba ɗaya, sai na ga ya runtse ido kamar an taka masa gwiwar.

"Ta yi sama, Auta. Ta yi sama sosai."

"Kore ne, Baba. Duk shidan."

Hannunsa ya tafi wajen makulli da kansa, ya tsaya, ya dawo da shi kan cinya. Ya gyara wuyan riga.

"Kunna."

Na danna. Ya yi wa waya murmushi, ya gaida 'yan koyo, ya nuna inda yatsa zai zauna, ya kaɗa a hankali, ya kaɗa da sauri, ya yi musu barkwancinsa na cewa jita ba ta cizo. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da ya gama na kashe, murmushin ya sauka, ya share zufa da bayan hannu. Bai dube ni ba.

"Ya yi daɗi?"

Na ce, "Ya yi, Baba. Ya yi daɗi sosai."

"To, madalla. Ni dai abin da na ji ba daɗi. Daga yau ke za ki riƙa gaya mini." Ya gyara zaman jitar a cinyarsa. "Duba ta, kar ta sauka. Mu yi na biyu."