Shamuwar Gidan Tukur

Tukur ya sa gatari ya sare rassan tsamiyar gidansa da rani, bayan an sami mulkin kai. Ya kai auduga Ikara, ya sayo kwano, ya rufe ɗakin matarsa Hajo. A duk Kurmin Kogi babu talakan da ya riga shi. Kafinta ya ce masa kashin shamuwa yana cin kwano. Shi ya sa duk reshen da ya leƙo kan ɗakin ya sauke shi, har da tsofaffin sheƙunan da ke kai. Bai yi shawara da kowa ba. Ba halinsa ba ne.

Hajo ba ta ga kwanon ba. Idonta ya daɗe da tafiya, ƙafafun ma sun fara ƙin ta. Tun tana amarya ta tarar da shamuwa a tsamiyar nan. Kowace bazara sai su sauka kafin ruwan fari. Tana da lafiya takan ba da tsohon kwando a ɗora musu a reshe, ta zuba musu ruwa a kasko, in ta kama fara a bayan gida ta watsa musu. Da ido ya tafi, sai kunne ya karɓi aikin. Takan zauna a gindin itacen ta ji saukarsu, ta ji ƙwas-ƙwas ɗin bakinsu, ta ji kukan 'ya'yan in an kawo musu abinci. Da su take gane inda shekara ta kai.

Bazara ta yi. Zafi ya tsananta, hadari ya fara tasowa daga gabas yana watsewa.

"Malam, sun zo?"

"Tukuna."

Washegari ta sake tambaya. Ya sake cewa tukuna.

Sun zo kuwa. Tukur ya gan su da hantsi, baƙaƙe, cikinsu fari, suna kewaya gidan. Ɗaya ta sauka a kan kututturen reshe, ta dudduba. Rana ta haska kwanon. Ta tashi, sauran suka bi ta. Kafin la'asar suna ɗaukar kirare zuwa rimin gidan Maiwada, taubashinsa, can ƙarshen unguwa wajen rafi.

Tukur ya ɗauko kwanduna, ya hau tsamiya da kansa, da furfurarsa. Ya ɗaure su a rassan da suka rage, ya shimfiɗa ciyawa a ciki. Ya shiga fadama ya kamo kwaɗi. Ya bi gona yana kama fara, ya tona suri ya ɗebo gara a ƙwarya. Ya zube su a tsakar gida, ya koma zaure ya ɓoye kamar maharbi. Kaji suka cinye garar. Shirwa ta sure kwaɗin. Hankaka ya zo ya gwada kwando ɗaya, Tukur ya jefe shi da hoge.

"Wa kake jifa?" in ji Hajo.

"Hankaka."

"To su fa?"

Ya sunkuya yana neman wani hogen.

"Sun zo sun wuce, ko?"

"Suna gidan Maiwada."

Ba ta ce masa komai game da gatarin ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. Sai ta sa a ci gaba da shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya. Inuwar ta ragu, rana tana samun ta tun kafin azahar. Tana zaune, ta karkata kai sama. Tuwo kuwa loma kaɗan take yi ta ture akushi. Ruwan fari ya sauka a kan kwanon da ƙara kamar ana jifa, ta toshe kunnuwa.

Tukur ya yi shuka, amma hankalinsa ba ya gona. Ranar Juma'a bayan an sauko, ya bi Maiwada gida. Suka gaisa, suka tambayi iyali, suka tambayi shuka da ruwa. A samansu rimin ya cika da motsi.

"Mai gidan kwano da kansa," in ji Maiwada. "An ce yanzu kwaɗi kake farauta. Miya ake yi da su, ko sayarwa kake?"

"Ba wasa ya kawo ni ba."

"Kai dama yaushe ka iya wasa?"

"So nake ka kore su."

"Su wa?"

Tukur ya nuna sama da haɓa. "In ka kore su, gida za su koma."

Maiwada ya daina dariya. "Sun yi ƙwai, Tukur. Ka taɓa jin wanda ya kori shamuwa daga kan ƙwai? Kai ka sallami baƙinka, ni kuma in kore nawa?"

"Hajo ba ta cin abinci."

Maiwada ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza gemu.

"Ka kawo ta nan. Ga ɗakin matata Lantana a gindin rimin, kuma ƙawarta ce. Ta yi damina tare da mu, ta ji su har su yaye 'ya'yansu. Ba wanda zai yi maka gori. Ni kaɗai, kuma ni ka saba."

Tukur bai taɓa kwana da bashin alheri ba, balle a ce matarsa tana cin tuwon wani gida. Ya tashi ya kama hanyar gida. A hanya ya tsaya ya waiwayi rimin. Wata shamuwa ta taso daga rafi da kwaɗo a baki, ta bi ta kan gidansa ba ta ko rage gudu ba.

Da safe ya ɗaura wa jaki akumari, ya shimfiɗa bargo a kai, ya jawo shi har gindin tsamiya. Ya durƙusa kusa da tabarmar Hajo, abin da bai saba ba.

"Tashi in kai ki."

"Ina?"

"Gidan Maiwada. Suna can da yawa. Sun fi na da. Za ki ji su tun asuba."

Ta lalubo saiwar tsamiyar ta dafa.

"Ka ɗora musu kwando?"

"Na ɗora."

"Akwai ruwa a kasko?"

"Akwai."

"In na tafi, suka zo, wa za su tarar?"

"Ba za su zo bana ba, Hajo. Ga jaki na kawo."

Ta ɗaga fuska sama, wajen rassan da babu.

"Mayar da jakinka, Malam. Ba zan je ba."