Mangwaron Selwyn

A unguwarsu ta San Fernando, a tsibirin Trinidad, in aka tashi zancen Selwyn Noel kowa da abin da yake faɗi, amma a wuri ɗaya ake tarewa: mutum ne da ba a sanin cikinsa. Abokan aikinsa a bakin tasha, inda yake gyaran injin jiragen ruwa, sukan ce sai ka yini da shi a kan inji ɗaya abin da za ka ji daga bakinsa bai wuce "miƙo sufana" ba. Matan coci kuwa cewa suke matarsa Marva ta yi sa'ar miji, ba ya sha, ba ya caca, ba ya ɗaga murya. Surukinsa, tsohon ɗan sanda, kafin ya rasu ya sha faɗi cewa abu ɗaya ya sa ya ba shi 'yarsa: da ya tambaye shi asalinsa, ya ce shi ɗan Trinidad ne, maraya, haifaffen garin Point Fortin. Don tsohon ya riga ya rantse ba zai haɗa jini da 'yan ƙananan tsibirai ba, masu shigowa a ɓoye cikin kwale-kwale suna ƙwace wa 'yan ƙasa aiki.

Marva ce ta zaɓi su je hutu Grenada, ɗaya daga ƙananan tsibiran nan. Ta yi ritaya daga koyarwa, yara sun kama gabansu, ta ce tana so ta hau dutse ta shiga kogi tun gwiwoyinta na yi mata biyayya. Selwyn ya ce ga tsibirin Tobago kusa. Ta ce Tobago ta ishe ta. Ya ce damina ce. Ta ce ita ba gishiri ba ce da za ta narke. Daga nan ya je kasuwa ya sayo wata malafa mai faɗin baki da baƙin tabarau, shi da bai taɓa sa tabarau ba.

Abin ya fara ne a cikin bas. Sun taso daga filin jirgi za su masaukin da ta kama a wani ƙauye a arewacin tsibirin, tana ta dube-dube ko za ta ga abin dannawa in mutum zai sauka, ba ta gani ba. Sai ga Selwyn ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa rufin motar sau biyu da bayan yatsu, direba ya taka birki. Sai da suka sauka ta lura cewa kwanar masaukin tana bayan wani tudu, ba a hango ta daga cikin mota.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Na ga wasu na yi."

"Kwanar fa? Ita ma gani ka yi wasu na yi?"

"Na duba taswira," in ji shi, ya ɗauki jakunkuna ya yi gaba.

Ta bar maganar. Amma washegari da suka je kogi, inda ake zaunar da mutum cikin tayar roba ruwa ya yi ta gangarawa da shi tsakanin duwatsu, tana ihu tana dariya sai ta ji ya ce, "Janye ƙafarki, akwai dutse a ƙasa bayan wannan lanƙwasar." Ta janye. Dutsen yana nan. Da rana aka zuba musu wani dafa-duka na madarar kwakwa a bakin kogi, ya miƙa kwano ya ce a kankaro masa na gindin tukunya inda man ya kwanta. Mai abincin ta dube shi ta ce, "Kai ka san kan abin."

Marva ta ci abincinta a hankali, tana tauna wani abu daban. Sau biyu ko uku a shekara Selwyn kan yi tafiyar aiki, ya ce ƙasar Guyana za shi, ya yi mako ya dawo. Ba ta taɓa neman ganin tikiti ba. Ta san matan da suka gano a wurin jana'izar miji cewa akwai wani gida a wani tsibiri, da mace, da yara masu hancin mamacin. Ta sha tausaya musu, kuma a ranta takan ce wauta ce ta hana su gani da wuri.

Ranar hawan dutse suka ɗauki ɗan jagora, wani Dunstan, gajere mai baki kamar rediyo, da adda a hannu. Hanyar ta bi ta cikin gonakin gyaɗar ƙamshi da koko, laka har idon sawu, ana kama saiwoyi ana hawa.

"Madam, ku mutanen Trinidad da baki kuke hawan dutse," in ji Dunstan. "Ƙafa tana ƙasa, labari ya riga ya kai sama."

"Kai rufe mana baki. Tsibirin naku nawa yake? In na yi atishawa a nan sai a ce mini sannu daga ɗaya gefen."

"To ai ga shi kina haki a kansa."

"Babana yakan ce ku 'yan ƙananan tsibirai da jaka ɗaya kuke sauka a wurinmu, kafin shekara kun gaje unguwa."

"Gaskiya ya faɗa. Ku ne ba kwa son aiki, mu kuma ba ma son yunwa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta waiwaya ta ga ko Selwyn ya dara. Yana kallon ƙasa. Da suka iso inda hanya ta rabu biyu, Dunstan ya tsaya sare wani reshe, Selwyn ya bi hagu ba tare da ya tambaya ba.

"Oga ya taɓa zuwa ne?" in ji Dunstan.

"Tambaye shi," in ji Marva. "Ni ma zan so in ji."

"Ƙarar ruwa na bi," in ji Selwyn.

Ta kasa kunne. Ita ba ta ji ƙarar komai ba sai ta tsuntsaye.

Wurin da suka isa ya yi kyau, wannan ba ta musa ba. Ruwa yana zubowa daga kan dutse cikin wani tafki mai sanyi kamar ƙanƙara, ta shiga har wuya ta fito tana rawar ɗari. Amma a hanyar dawowa ne, inda daji ya ƙare gidaje suka fara, suka yi kiciɓis da wata mace doguwa, da buhun gyaɗar ƙamshi a ka, da takalmin roba irin na maza. Hanyar ba ta da faɗi. Dunstan ya ce, "Sannu da aiki, Inna Ismay," ya raɓe. Matar ba ta amsa masa ba. Ta tsaya cak tana kallon Selwyn, ba fuskarsa ba, don malafa da tabarau sun rufe ta, ƙafafunsa take kallo, da yadda ya dafe ƙugu.

"Barka da yamma," in ji ta, a hankali, kamar mai taka ƙasa mai santsi.

Selwyn, wanda ko karen maƙwabta ba ya wucewa bai yi masa magana mai daɗi ba, ya kawar da kai ya wuce.

Marva ta waiwaya sau biyu. Matar tana nan tsaye da buhunta. Ta girme su, amma ba da yawa ba, kuma akwai sauran kyau a tare da ita.

"Wace ce?" ta tambayi Dunstan.

"Inna Ismay ce. Ita kaɗai take zaune can sama. Ba ta da yawan magana."

"Mijinta fa?"

"Ni dai tun da na yi wayo ban ga miji ba."

Da safe mai masauki ta shigo da kwando cike da mangwaro, ƙanana, jajaye, ƙamshinsu ya cika baranda. Ta ce wata mata ce ta kawo tun da sassafe, ta ce a ba mai malafa, nasa ne.

"Nasa ne," in ji Marva, bayan matar ta fita. "Ba 'ga tsaraba' ba, ba 'ku taɓa' ba. Nasa ne."

"Ta yi kuskure. Wani take nufi."

"Masu malafa nawa ne a gidan nan?"

Ya ɗauki mangwaro ɗaya kamar zai ajiye gefe, sai ta ga ya kai shi hanci, ya rufe ido. Wannan ne ya ƙarasa ta. Ta juye mangwaron a kan tebur, ta sa burodi da sukari da gwangwanin madara a cikin kwandon.

"Ba a mayar da kwando wayam. Tashi mu kai mata."

"Marva."

"In ba za ka ba, ni zan je. Amma ka sani, in na je ni kaɗai, ni kaɗai zan hau jirgi."

Suka hau tudun. Ta bar shi ya shiga gaba da gangan, shi kuma ya daina yin kamar bai san hanya ba. Ya bi ta bayan wani coci, ya tsallake wani rafi a kan duwatsun da ciyawa ta rufe, ya ɗaga wata ƙofar kara da sai an ɗaga take buɗuwa. Kowane taku nasa tana ji a ƙirjinta. Ta shirya abin da za ta faɗa. Ta shirya har yadda za ta gaya wa yara.

Gidan na katako ne, a kan duwatsu. Ismay tana tsakar gida tana ɓare jar fatar gyaɗar ƙamshi tana shanyawa a kan kwano. Ta miƙe ta goge hannu a zane. Selwyn ya toge a bakin ƙofa.

Marva ta ajiye kwandon. "Mun gode da mangwaro. Ni ce matarsa, ta coci, ta zobe. Abin da ya kawo ni tambaya ce, kuma ba na son kwana-kwana. Ke mece ce a wurinsa?"

Ismay ta dube ta, ta dubi Selwyn. "Shi me ya ce?"

"Ya ce bai san ki ba."

"To." Ta gyaɗa kai kamar an gaya mata farashin kasuwa. "In ya ce haka, ni ba zan ƙaryata baƙo a gidana ba. Amma zo ki ga wani abu."

Ta kai ta bayan gida. Wata tsohuwar bishiyar mangwaro ce, gindinta sai mutum biyu sun haɗa hannu, guguwa ta taɓa karya mata rabi ta sake tohowa. An share ƙarƙashinta tas.

"Ranar da Mama ta binne cibiyarsa a nan, ni na riƙe mata dashen tana tura ƙasa. Ina 'yar shekara bakwai. Tawa bishiyar kwakwa ce, guguwa ta tafi da ita." Ta dafa gindin. "Wannan ba a sayar da 'ya'yanta. Mama ta hana, ta ce na mai ita ne. Duk shekara sai su zube, yaran unguwa su tsinta, su ce sun sha mangwaron Selwyn, alhali ba su san ko wane ne Selwyn ba. Jiya na ga mai ita ya wuce, shi ya sa na kai masa kayansa. Ba wani abu nake nema ba."

Marva ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ita ma tata cibiyar tana ƙarƙashin wata bishiyar lemo a gidan kakarta. Ta sake duban matar, wannan karon da kyau. Goshin Selwyn ne, da yadda take dafe ƙugu irin nasa.

"Yaushe ya tafi?"

"Yana ɗan goma sha huɗu kawunmu ya ɗauke shi a jirgin kaya. Da farko yana rubutowa. Da ya tashi aure ya ce a daina aiko masa da wasiƙa, akwai dalili. Da Mama ta kwanta ciwo na aika, da ta rasu na aika." Ta ɗaga kafaɗa. "Wataƙila ba su isa ba."

Marva ta koma tsakar gida. Selwyn yana nan inda suka bar shi.

"Guyana fa?"

"Guyana nake zuwa. Nan ban sake takowa ba sai yanzu."

"Maraya. Haifaffen Point Fortin."

"Babanki ya tambaya, yana zaune da hularsa ta ɗan sanda a gwiwa. Da na faɗi gaskiya, cewa ni ɗan nan ne, da ba a ba ni ke ba. Na ce in an ɗaura zan gaya miki. Sai kuma ga ku a tebur kowace Lahadi, shi ya ba da labarin 'yan ƙananan tsibirai, ku yi dariya. Ke kin fi kowa iya kwaikwayon maganarsu. Kin iya sosai. Kamar muryar Mama."

Ta zo da fushin da ta san yadda ake riƙe shi, an karɓe, an miƙo mata wani wanda ba ta san ta ina za ta kama ba. Ba wata mace. Amma yaranta suna da gwaggo ba su sani ba, suna da kaka da ta mutu tana jiran wasiƙa, ita kuma ta yi rabin rayuwarta tana kwana kusa da mutumin da take yi wa uwarsa ba'a a kan abinci.

"Ni da kai akwai magana," in ji ta. "Doguwa ce, kuma ba duka laifin ke wuyanka ba. Amma ni ina nan, ba inda za ni. Ita ta riga ni jira."

Ismay ta riga ta koma kan aikinta, tana ɓare gyaɗar ƙamshi, ba ta kallon kowa. Selwyn ya cire tabarau, ya cire malafa, ya rasa inda zai ajiye su, Marva ta karɓa. Ya tako tsakar gidan, ya durƙusa a gefen kwanon shanya. Da ya buɗe baki, ba da harshen San Fernando ya yi magana ba, da wani harshe ne mai jan ƙarshen kalma, wanda Marva ba ta taɓa ji a bakinsa ba.

"Yaya Ismay. Wasiƙunki sun iso, duka biyun. Jiya ma na gane ki tun daga nesa, na kawar da kai. Ki yafe mini, Yaya. Na yi laifi."