Lodin Hawainiya

Sabon manaja ya zo da agogo a hannu, kuma tun satin farko ya ce ya gano wanda yake jan sito baya. Siton na sari ne: bututun ruwa, kawunan famfo, kwaɗuna, ƙusoshi, tankunan dumama ruwa. Motoci huɗu ke fita kullum suna raba wa shaguna kaya. Masu lodi uku suna cika mota cikin minti arba'in. Na huɗun, wanda ake kira Hawainiya, sai ya cinye awa ɗaya da rabi.

"Nan da Asabar," in ji manaja, "ko ka sauko arba'in, ko ka nemi wani wurin."

Maganar ta yi wa Hawainiya ciwo ƙwarai. Shekararsa goma sha ɗaya a nan, ga 'ya'ya huɗu, kuma ba ragwanci ke damunsa ba. Shi dai ba ya ɗaga ko kwali ɗaya sai ya karanta takardar direba. Kayan shagon ƙarshe su shige can ciki, na shagon farko su tsaya bakin ƙofa, dogayen bututu a ɗaure gefe guda, tankuna a kan tsofaffin tayoyi. Sauran kuwa jibgawa kawai suke yi. Direba ya isa shago sai ya sauke rabin mota kafin ya tono kwalin ƙusa ɗaya tak.

To me ya hana motar Hawainiya riga sauran dawowa? Duka huɗun ƙarfe biyar suke shigowa. Ya san dalili, shi ya sa ya yi kwana biyu bakinsa gum. Direban motar yayan matarsa ne. Ƙarfe ɗaya yake gama rabo, sai ya zarce cikin gari yana kwasar wa masu tashi daga gida kaya, ya dawo da yamma yana sharce gumi kamar wanda ya fi kowa wahala.

Ranar Alhamis da safe Hawainiya ya sami yayan yana duba iskar taya.

"Yaya, yau ina so ka dawo da zarar ka gama."

"Ikon Allah! Yaushe ka zama manaja?"

"Aikina za a karɓe. Ba zan kai ƙararka ba, ba kuma zan jibga kaya don in burge agogo ba. Ka shigo da motar nan kan lokacinta kawai, ita za ta yi magana."

"In na ƙi fa?"

"Gobe in roƙi manaja ya zauna kusa da kai a gaba, ya zaga shagunan."

Yayan ya dube shi sama da ƙasa, ya ja tsaki, ya buga ƙofar mota.

Hawainiya ya wuce ofis kai tsaye. "Ranka ya daɗe, kana auna fitar mota. Yau ka auna dawowarta." Manaja ya yi dariya, ya ce ai agogo ba ya gajiya.

Tun sha biyu da rabi Hawainiya ya kasa zama. Ya jera gwiwoyin bututu, ya rushe, ya sake jerawa. Abokan aiki suna ta tsokana, wai yau Hawainiya ta koyi gudu.

Ɗaya da minti goma motar ta shigo, wayam, ba ko kwalin da aka dawo da shi. Manaja ya dubi agogo, ya dubi motar, ya sosa ƙeya. Bai ba da haƙuri ba, irinsu ba sa bayarwa. Ya dai ce a yi lodi na biyu, kuma daga gobe sauran ukun su tsaya bayan Hawainiya su ga yadda ake yi.

Yayan ya sauko a hankali, ya zo dab da shi, ya rage murya.

"Ka tsira da aikinka, barka. Awa huɗun nan da su nake sayen maganin Inna. Kai za ka gaya wa ƙanwata."

Hawainiya bai taɓa sanin haka ba.

"Ni zan gaya mata," ya ce. "Rabin maganin kuma a wuyana. Ba ni takardar shagunan."